Kamu Ɗaya Tsakanin Matakala da Rumbu

Mahaifiyata, Aslaug ta gonar Nordlia, ba ta shan kofi a zaune daga tsakiyar Afrilu har ƙarshen Mayu. A tsaye take sha, hannu ɗaya riƙe da kofi, ɗayan yana laluben bayan kabad, ido kuma yana bin gindin bango. In kana yi mata magana sai ta ce tana ji, alhali kunnenta yana can cikin rufi. Mutanen kwarinmu murna suke yi idan ƙanƙara ta fara ɗiga daga indararo, su fito da kujeru su jingina da bango su ba rana fuska. Ita kuwa wannan ɗigar ce take gaya mata abokan gaba sun farka. Ɓera ya fara haihuwa, asu ya fara neman ulu, kiyashi sun turo 'yan leƙen asiri ɗakin girki.

Ni ce 'yarta ta fari, Ragnfrid. Na kwashe zafin ranta kaf, ban rage wa ƙanena Eilif ko kaɗan ba, shi ya sa ni da ita ba ma kwana uku a gida ɗaya ba mu yi ba.

A wata 'yar bukka can saman tudu aka haife ta, babanta yana noma ɗan fegin da bai kai ya kawo ba. Tana da shekara bakwai, ranar da ƙanƙara ta saki ƙasa aka ce gobe shuka, ya buɗe akwatin da ya ajiye irin sha'ir, ya tarar da ƙaiƙayi da kashin ɓera. Ta ce ƙaton mutum ne, amma a bakin akwatin nan ya zauna har rana ta karkata, washegari ya cire hula ya bi gidajen maƙwabta yana roƙon iri. Sau biyu kawai na taɓa jin labarin nan daga bakinta, kuma duka biyun tana cikin goge wani abu ne. Tana da ashirin da uku ta auri babana, Torleiv. Shi kan ce ba shi ta aura ba, rumbun gidansu ta gani ta ce ta yarda.

Rumbun namu irin na kowa ne a kwarin: ɗakin gungumen katako a kan ƙafafu shida, kowace ƙafa da faffaɗan dutse a kanta kamar an kifa faranti, yadda in ɓera ya hauro zai bugi dutse ya koma. A ciki ake rataye busasshiyar cinyar rago, a jera busasshen burodi da gari, kayan ulu na fita biki kuma suna can cikin akwatuna. Matakalarsa ta dutse ce, hawa huɗu, kuma ba ta taɓa jikin rumbun. Tsakanin hawa na ƙarshe da dokin ƙofa akwai giɓi na kamu ɗaya, ƙasa tana can tsayin ƙugu. Mutum ya buɗa ƙafa ya tsallake, ɓera ya tsaya yana kallo. Haka kakannin kakanni suka gina, kuma a wurin Inna wannan giɓin ya fi kwaɗon ƙofar daraja.

Da bazara ta shigo mun shiga uku. Tun da sassafe, kafin rana ta sassauta ƙanƙarar da ta rage a bayan gida, za ta tashe mu mu kwaso barguna da riguna da safa mu shimfiɗa a kai, sanyi ya kashe ƙwan asu, sannan mu bubbuga mu rataye a iska. Daga nan a wanke kowane kabad da koren sabulu. Hanyar kiyashi a goge ta da ruwan tsami tun suna biyu uku, don ta ce in ka bar na farko ya koma gida ya ba da labari, ka yi baƙi. Kowace kafa da ɗan yatsa zai shiga sai an cusa mata soson ƙarfe. Ba ta sa guba. "Guba aikin wanda ya makara ne," in ji ta. Muna yara muna kallon 'ya'yan maƙwabta suna wasa da ruwan da ke gangarowa, mu kuwa muna rarrafe a ƙarƙashin gado da tocila. Na tsani watan Afrilu har na yi aure.

Babbar doka kuwa ita ce kada a jingina komai da rumbu. Ko manjagara, ko sanda, ko reshen da iska ta karyo. Wata shekara Baba ya kafa tsani zai gyara rufin, aka kira shi cin abinci, ya bar shi a jingine. Kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Wata rana kuma matar fasto ta zo ganin kayan saƙa, ta tsaya a kan matakala da ƙunƙuntaccen siket, ta kasa gaba ta kasa baya.

"Aslaug, me zai hana ki ɗora ɗan katako a nan?" in ji ta.

"Katako? To ai sai in haɗa da takardar gayyata in aika wa ɓera, in ce ya taho da iyali."

Baba ya riƙa maimaita wannan magana har ya mutu.

Shekara bakwai ke nan da rasuwarsa. Bayan an dawo daga maƙabarta, baƙi sun watse, muka rage mu uku a tebur, sai Eilif ya fara. Ya ce akwai ɗaki a gidan bene kusa da shi a gari, da ɗumi, ga asibiti, ga kanti, ba saran itace, ba kwasar ƙanƙara. Shi Eilif haka yake, a hankali yake magana kamar mai lallashin saniya, kuma hakan ya fi komai ƙona mata rai. Ta bar shi ya gama, ta ajiye cokali.

"Ku saurara, don ba zan maimaita ba. Ranar da ƙafata ta kasa tsallake giɓin rumbun can, ku zo da mota, ni da kaina zan kulle ƙofa. Kafin wannan rana kada wanda ya sake kawo mini zancen bene."

Eilif ya ce ya ji, ya kuma miƙa mata hannu suka tafa. Magana zarar bunu ce, kuma Inna ba ta taɓa zarar wadda ta nemi mayarwa ba. Tun daga nan zamanta a Nordlia ya rataya a kan wannan kamu ɗaya.

Kowace bazara nakan ɗauki hutun mako guda in je in taya ta. Safiyar farko za ta ɗauki makulli ta wuce gaba, ta hau matakala, ta tsallake, ta juyo ta kalle ni. Da yamma in kira Eilif in ce masa tana nan daram. Amma shekara biyu a jere na iso na tarar ta riga ta fito da kaya duka, suna rataye a igiya, rumbu a kulle.

"Kin makara," ta ce. "Asu ba ya jiran hutunki."

Na ɗauka rashin haƙurinta ne da na sani. Ban zurfafa ba, wataƙila kuma ban so in zurfafa ba.

Bara tana da tamanin da ɗaya. Na je mako guda bayan Ista, kuma da buƙata na je: saura mako huɗu a yi wa 'yata Tuva bikin tabbatar da bangaskiya a coci, kuma kayan gargajiyar Inna za ta sa, baƙin siket na ulu mai aikin jan zare a baki, wanda Inna ta ɗinka da hannunta kafin aurenta. Na ce a fito da shi mu gwada tsayi. Tana wankin taga a lokacin.

"Ga makulli can, shiga ki ɗauko. Hannuna da sabulu."

Ina buɗe ƙofar rumbun warin ya tare ni. Duk wanda ya tashi a hannun Inna ya san warin ɓera ko da bai taɓa ganin ɓera a gidansu ba. Kashi baƙi-baƙi a kan buhun gari, cinyar rago an ɓantare ta ta wajen ƙashi. Murfin akwatin ulu a ɗan ɗage yake, kamar yadda take barinsa ya sha iska. Na ɗaga siket ɗin, sai ga bakinsa ya zama tsumma, wajen tafin hannu uku na aikin jan zaren nan ya tafi. A cikin naɗin kuma ga sheƙa, da jajayen 'ya'ya shida suna motsi.

Na fito da shi na tsaya a ƙofa. Tana gindin matakala, hannu yana ɗigar ruwa. Shekara hamsin da takwas ɓera bai taka rumbun nan ba. Na zaci za ta yi ihu ko ta zauna. Sai ta goge hannu a zani.

"Akwai kafa," ta ce. "Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga. Ɗauko tocila."

Kwana uku muka yi muna neman kafar nan, kuma ban taɓa ganinta cikin irin wannan hali ba. Ba ta zama, ba ta gama cin abinci. Ta sa na fito da komai, na bi kowane gungume da yatsa daga ciki, ita tana zagaya rumbun daga waje tana dukan katako da sanda tana kasa kunne. Ta sa na hau rufi. Ta sa na kwanta rigingine a cikin laka ina duba ƙasan daɓen, ruwan ƙanƙara yana shiga mini ta wuya. In na ce babu komai sai ta ce in sake dubawa, idona na gari ne, ya saba da takarda. Ta zargi magen gidan da lalaci. Ta zargi maƙwabci da ya tara ciyawa kusa da shinge. Ta zargi Eilif da ya yi wa rumbun fenti shekara huɗu da suka wuce, wai ƙila ya tsaga wani wuri da tsani. Ta sa na sare wani reshe da ko kyanwa ba za ta iya dirowa daga kansa ba.

A rana ta biyu Eilif ya kira. Ta fizge wayar daga hannuna.

"Lafiya lau. Aiki muke, ba mu da lokacin hira. Kai dai ka ci gaba da zama a kan kujera har ta manne maka."

Ta kashe ta miƙo mini, ta koma zagayenta.

A rana ta uku haƙurina ya ƙare. Gwiwoyina sun ɗaye, bayana ya riƙe, kuma a duk kwanakin nan wani abu yana cina wanda na kasa kamawa. Sai da na je ɗakin itace ɗebo na hura murhu sannan na gane: tun da na zo, ko sau ɗaya ba ta shiga rumbun ba. Matar da ba ta yarda da idon kowa, ɓera ya shiga mata rumbu, amma ta tsaya a waje tana aike. Ina cikin wannan tunani na janye wani tsohon buhu a bayan tarin itace, sai ga katako.

Tsawonsa kamu biyu ne. An buga masa ƙananan sanduna a gicciye don kada ƙafa ta zame, ƙusoshin duk a karkace, irin bugun Inna. A gefe ɗaya an ɗaura igiya ta ɗauka. Tsakiyarsa ta yi sulɓi, ta yi duhu, ba takun wata ɗaya ba ne, ba kuma na shekara ɗaya ba. Na ɗauke shi na fita, na hau matakala, na ɗora. Ya zauna cif kamar tare aka gina su.

Ta zagayo daga bayan rumbun da sandarta ta gan ni. Ta tsaya.

Ba zan ɓoye ba, fushi ne ya fara zo mini, ba tausayi ba.

"Inna, kwana uku kina sa ni birgima a laka. Kwana uku. Ashe da ɗan gari akan ci gari."

"Rage murya, ba kurma ba ce ni."

"Tun yaushe?"

Ta kalli katakon, ta kalli tudu. "Shekara uku in Yuni ya zo. Ƙugun nan ne. Hawa ba komai, buɗa ƙafar ce." Ta gyara riƙon sanda. "Ina ɗorawa, in shiga, in fito, in ɗauke. Ko minti goma ba ya yi. Ban taɓa mantawa ba."

"To ɓeran tashi ya yi?"

"Ranar Alhamis ta Ista na buɗe akwati ya sha iska. Ina fitowa ƙugun ya kama ni a kan matakala. Da rarrafe na kai gida. Sai Asabar na iya tashi." Ta nuna gidan da sanda. "Ina kwance ina hango shi ta taga. Kwana biyu ina kallon katakon a ɗore, ƙofa a buɗe."

"Me ya hana ki kira ni? Ko ki kira maƙwabci ya ɗauke?"

"In ce masa me? Zo ka ɗauke mini katakon da na yi wa matar fasto dariya a kansa?"

Na zauna a kan matakala. Na ce, "To tunda kin san ta inda ya shiga, neman me muke yi tun shekaranjiya?"

"Na ce ko Allah zai sa mu samu wata kafar."

A nan fushin ya tafi, ya bar ni da abin da ya fi shi ciwo. Na ji tausayinta, na kuma ji kunyar shekara biyun da na yi ina kiran Eilif ina ce masa tana nan daram. Na share hanci na ce mata ba wanda ya sani sai ni. Na ce Eilif ba zai ji ba. A bar katakon, in sa masa ƙugiya da igiya yadda za ta janye shi daga ƙasa, ko in kwashe kayan rumbun duka in kai cikin gida, ta huta da shiga. Ina ta zuba kamar 'yar talla.

"Ɗauke shi," ta ce.

"Inna."

"Ragnfrid, ɗauke shi ki matsa."

Na ɗauke na sauko. Ta jingina sandarta da dutsen matakala, ba da rumbu ba, ko a wannan hali. Ta hau ɗaya, biyu, uku, huɗu, tana dafa gwiwa. Ta tsaya a sama ta daidaita ƙafafu. Ta miƙa hannu, yatsunta suka taɓa gefen ƙofa. Ta ɗaga ƙafar dama, ƙafar ta fita kan giɓin tana rawa, ta tsaya a iska. Ina ƙasa na buɗe hannuwa, ban san ko zan iya tare ta ba. Ta mayar da ƙafar. Ta numfasa ta gwada da hagu, wannan ko rabi ba ta kai ba. Ruwa yana ta ɗiga daga rufin yana faɗawa ta cikin giɓin. Ta daɗe tana kallonsa.

"Kamu ɗaya," ta ce. "Da cikinki wata tara na tsallake shi, da buhun gari a kafaɗa."

Ta juyo ta miƙo mini hannu, abin da ba ta taɓa yi ba, na sauko da ita.

"Kira ƙaninki. Ki ce masa ba yanzu ba, sai na gama da asu, na kuma gyara wa yarinyar nan siket. Farkon Yuni ya zo da motar." Ta ɗauki sandarta. "Katakon kuma ki faskara shi, busasshe ne, zai ci wuta."

Siket ɗin ta yanke bakinsa ta sake aikin jan zaren cikin mako uku, da tabarau biyu a hanci. Tuva ta sa shi, ya ɗan ɗage mata da yatsa uku, ba wanda ya lura sai mu biyu. Ranar biyu ga Yuni Inna ta kulle ƙofar Nordlia da hannunta, kamar yadda ta faɗa, ta ba ni makullin rumbu, ta shiga mota ba ta waiwaya ba.

Yanzu tana hawa na uku a gidan benen. Bango sumul, ba kafar da allura za ta shiga, ko ƙuda sai ya nemi izini. Duk da haka da Afrilun bana ya shigo Eilif ya kira ni ya ce ta fitar da duk kayan kabad ta wanke da koren sabulu, ta shanya barguna a baranda, ta kuma bi maƙwabta ƙofa ƙofa tana tambaya ko sun ga kiyashi. Ba su gani ba. Ya ce da ta dawo sai ta zauna a kujera ta sha kofinta a zaune, har ya huce a hannunta.

Ni nake zuwa Nordlia yanzu, ni kaɗai. Na shimfiɗa ulu a kan ƙanƙara da sassafe, na cusa soson ƙarfe, na zagaya rumbu na kawar da duk abin da ya jingina, ina yi ina masifa da iska. Da na gama na kira ta na ba ta rahoto, ta yi mini tambaya goma sha, na amsa. Daga ƙarshe ta ce, "Giɓin fa?"

"Yana nan, Inna. Ba abin da ya haye."

"Ke fa?"

Na ce mata lafiya lau na tsallake, kuma gaskiya na faɗa. Abin da ban gaya mata ba shi ne, shekarata hamsin da bakwai, tun ina da biyar nake wuce wurin nan da gudu ban taɓa duban ƙasa ba. Bana sai da na tsaya a hawa na huɗu, na dafa gefen ƙofa, na auna shi da ido tukuna.